Shawarar Jarirai da Gadon Jinin da Ba a Cika Gwadawa Ba

A yau da wuya ka sami saurayi ko budurwa a birni da ba su taɓa jin AA da AS da SS ba. Sikila ta wayar da kan jama'a, har ta kai a wurare da dama sai an nuna takardar gwaji kafin a ɗaura aure. Amma akwai wani gadon a cikin jininmu da masu shi suka ninka masu ciwon sikila yawa, kuma yawancinsu ko sunansa ba su sani ba. Likitoci na kiransa ƙarancin G6PD. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 400 ne ke da shi a duniya. Binciken da aka yi a sassan Najeriya ya nuna kusan namiji ɗaya cikin biyar na ɗauke da shi, ko da yake adadin na hawa da sauka daga yanki zuwa yanki.

G6PD wani furotin ne daga cikin waɗanda ake kira enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta ayyukan cikin jiki, kowanne da aikinsa guda. Domin a fahimci nasa aikin, sai an dubi rayuwar jar ƙwayar jini. Ita ce mai dakon iskar oksijin daga huhu zuwa ko'ina, kuma wannan iska, duk da ita ce rai, tana cin abin da ta daɗe tare da shi, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfen da aka bari a waje. Jar ƙwayar jini tana barin ɓargo ne ba tare da cibiyar da ake ƙera sabon furotin ba. Abin da ta fito da shi, da shi za ta yi rayuwarta ta kimanin kwana 120. G6PD ke sarrafa wani ɓangare na sukarin jini ya samar da sinadarin NADPH, shi kuma ya riƙa sabunta wani sinadarin mai suna gulutatayon, wanda ke kare ƙwayar daga lalacewa. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wasu hanyoyin samun wannan kariya. Jar ƙwayar jini hanya ɗaya gare ta.

Wanda G6PD ɗinsa ya yi ƙaranci ba majinyaci ba ne. Zai yi noma, ya yi aikin soja, ya tsufa ba tare da ya san da komai ba. Matsala tana tasowa ne ranar da jininsa ya gamu da abin da ya fi ƙarfin 'yar kariyar da yake da ita: wani magani, wani abinci, ko zazzaɓi mai zafi irin na taifod da ciwon hanta da limoniya. A cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙwayoyin su soma fashewa, saifa ta kwashe waɗanda suka lalace. Mutum ya yi fari fat, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, ga ciwon baya da kasala da haki. Nau'in da ya fi yawa a Afirka yana da ɗan sauƙi, domin jiki na ƙera sinadarin, sai dai yana saurin lalacewa. Tsofaffin ƙwayoyi ne ke faɗuwa, sababbi su tsira, shi ya sa sau da yawa abin ke tsayawa da kansa. Nau'in da ake samu a ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya ya fi shi tsanani.

Yaƙi ne ya tona asirin wannan gado. A lokacin Yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, Amurka ta riƙa ba sojojinta maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna primaquine. Sai aka lura kusan ɗaya cikin goma na sojoji baƙar fata jininsu na narkewa idan sun sha, alhali da wuya hakan ya sami fararen. Masu bincike na Jami'ar Chicago, ƙarƙashin jagorancin Alf Alving, suka bi sawun lamarin a jikin fursunonin gidan yarin Stateville da ke jihar Illinois, kuma a 1956 suka wallafa cewa ƙarancin G6PD ne sanadi. Ilimin ya amfani duniya, amma yadda aka same shi bai kamata a shafe ba. Mutumin da ke kulle, wanda ke fatan a rage masa zaman kaso, ko ya ce ya yarda, yardar tasa da sauran magana.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, me ya sa abu mai illa ya yaɗu haka? Da aka duba taswira, sai aka ga inda ƙarancin ya yi yawa nan ne sauro ya daɗe yana ɓarna: Afirka, kudancin Turai, ƙasashen Larabawa, Indiya da kudu maso gabashin Asiya. Wani muhimmin ɓangare na amsar daga Najeriya ya fito. Lucio Luzzatto, likitan jini ɗan Italiya da ya yi shekaru yana aiki a Jami'ar Ibadan, tare da abokan aikinsa, ciki har da Essien Usanga, sun nuna a 1969 cewa a jinin matan da ke da ƙwayoyi iri biyu, masu cikakken sinadarin da masu ƙarancinsa, ƙwayar cutar maleriya ta fi samun wurin zama a cikin masu cikakken. Ke nan ƙarancin na ba da wata kariya daga maleriya mai tsanani, kuma wannan ne ya sa ya ɗore a cikin zuriya, kamar yadda AS ta ɗore. Kariyar dai ba cikakkiya ba ce, kada wani ya jingine gidan sauronsa. Daga baya, a 1986, Luzzatto da abokan aikinsa na birnin Naples suka gano tsarin ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera G6PD.

Wannan ƙwayar gado tana kan kuromosom X ne, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwa yake samunsa, saboda haka idan ya zo da rauni babu na biyu da zai rufa masa asiri. Mace tana da biyu, galibi ɗaya kan tallafi ɗaya, amma akwai matan da su ma ƙarancin ke taɓawa sosai. Uba ba ya ba ɗansa namiji, 'ya'yansa mata yake ba. A ganina wannan ba abin hana aure ba ne, ba kuma dalilin ɗora wa uwa laifi ba ne. Abu ne da sani kawai ke magance mafi yawan haɗarinsa.

Inda lamarin ya fi ciwo shi ne makon farko na rayuwa. Jarirai da yawa kan yi 'yar shawara a kwana na biyu ko na uku, domin jajayen ƙwayoyin da suka zo da su daga ciki na mutuwa, su bar wani launi rawaya mai suna bilirubin, hanta kuma ba ta gama ƙwari ba balle ta fitar da shi da sauri. Ga mafi yawansu abin na wucewa. Ga jaririn da ke da ƙarancin G6PD kuwa, bilirubin na iya hauhawa cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci ma ba tare da an ga abin da ya tayar da shi ba. Idan ya wuce wani mataki sai ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa. Jariri ya ƙi kama nono, ya yi ta barci, kukansa ya zama siriri mai kaifi, daga baya ya riƙa sandarewa yana banƙarewa. Wasu su rasu. Waɗanda suka rayu, da yawa sukan tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa. Yaro nawa ne ake cewa iska ta taɓa shi tun yana tsumma, alhali shawara ce aka makara a kanta?

Yanayin jegonmu ma yana ba matsalar wurin ɓuya. Haihuwa da yawa a karkara a gida ake yi. Wadda ta haihu a asibiti sau da yawa a ranar ake sallamarta, kafin rawayar ta bayyana. Mai jego da jaririnta suna cikin ɗaki mai ƙarancin haske har ranar suna, an naɗe shi a zani da hula da safa, ga fata mai duhu da ba ta saurin nuna launi. Idan ma kaka ta lura, abin da aka saba shi ne a ba shi jiƙo ko ruwan gulukos, ko a fito da shi hantsi na ɗan lokaci. Babu ɗayansu da ke sauke shawara mai tsanani, sai dai su cinye kwanakin da suka fi tsada.

Sannan ga abubuwan da muke kai wa jaririn da hannunmu, da kyakkyawar niyya. Farin kafur ɗin nan da ake jefawa cikin akwatin kayan haihuwa don korar kyankyasai da asu, akasarinsa sinadarin naftalin ne. Yana shiga ta numfashi da ta fata, kuma likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna danganta shi da fashewar jinin jarirai masu ƙarancin G6PD. Ba sai an sha ba, warin da ya kama zani ya isa. Ana kuma gargaɗi game da hoda da man shafawa masu mantol. Lalle ma na cikin jerin. Sinadarin da ke sa shi kama fata na iya fasa jinin irin waɗannan yara, kuma likitoci a Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun ba da rahoton jariran da suka shiga mawuyacin hali bayan an shafa musu shi. Ƙunshin uwa da 'yan biki daban, amma jikin jariri bai kamata lalle ya taɓa shi ba.

Abin takaicin shi ne maganin shawarar ba mai wuya ba ne idan an zo da wuri. A tsakiyar shekarun 1950 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Rochford na Ingila, Jean Ward, ta lura cewa haske na rage rawayar jikin bakwaini. Daga nan aka samo hanyar kwantar da jariri ƙarƙashin shuɗiyar fitila, wadda ke sauya bilirubin ya zama abin da jiki zai iya fitarwa. Matsalarmu a nan wutar lantarki ce da lalatattun fitilu. Wannan ya sa aka gwada wata dabara a Legas: rumfa mai rufin leda ta musamman da ke tace hasken rana, ta tare zafi da haske mai ƙona fata, ta bar mai amfani ya wuce. Sakamakon da Tina Slusher da Bolajoko Olusanya da abokan aikinsu suka wallafa a 2015 ya nuna cewa ga shawara mai sauƙi zuwa matsakaiciya, wannan hanya ba ta gaza fitilar asibiti ba. A lura, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi, ana auna zafin jikin jariri a kai a kai. Ba daidai yake da shanya jariri a tsakar gida ba. Idan kuwa shawarar ta yi nisa, sai an yi musanyar jini.

Ga yara da manya, haɗarin yana wajen magani. A 2008 aka janye maganin maleriya mai suna Lapdap daga kasuwa bayan an ga yadda yake zubar da jinin yaran Afirka masu wannan ƙaranci, saboda dapsone da ke cikinsa. Tafenoquine, wani maganin maleriya da Amurka ta amince da shi a 2018, ba a ba da shi sai an auna G6PD tukuna. Nitrofurantoin da ake sha don ciwon mafitsara ma yana cikin waɗanda ake kaffa-kaffa da su. A ƙasar da mutum zai shiga kemis ya faɗi ciwonsa a ƙulla masa ƙwayoyi a leda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan uwanmu da ke Sudan da masu zuwa Saudiyya su kuma san da ful, waken nan mai faɗi da ake karin kumallo da shi. Shi ne abincin da ya fi suna wajen tayar da ciwon, musamman ga yara. Wakenmu na gida ba ya cikin wannan magana.

Wani abu da bincike ya bankaɗo ya shafi ciwon sukari. Gwajin HbA1c yana auna yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyi a tsawon rayuwarsu. Tunda ƙwayoyin mai ƙarancin G6PD ba sa daɗewa, sakamakonsa kan fito ƙasa da gaskiya. Wani babban nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fatar Amurka kusan 650,000 masu ciwon sukari na iya tsallake ganewa idan da wannan gwaji kaɗai aka dogara. Mu da ƙarancin ya fi yawa a cikinmu, ya kamata likitocinmu su sa wannan a lissafi.

Har yanzu babu maganin da ke cike gurbin sinadarin. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ba da labarin wani sinadari, AG1, da ke ƙara wa G6PD mai rauni ƙarfi, amma a ɗakin gwaji ne da jikin ƙananan kifaye. Abin da ke hannu shi ne gwaji, kuma ɗigon jini ya ishe shi. Tun 1966 wani mai bincike, Ernest Beutler, ya fito da hanya mai sauƙi ta yinsa, yanzu kuma akwai 'yar na'urar hannu mai ba da sakamako cikin mintuna. Sai dai idan an yi shi ana tsakiyar fashewar jini ko bayan ƙarin jini yana iya nuna lafiya lau, don haka akan maimaita bayan kamar wata uku. Singafo ta fara gwada kowane jariri tun 1965, tana riƙe masu ƙarancin a asibiti na wasu kwanaki, tana gargaɗin iyaye kan kafur, kuma lahanin ƙwaƙwalwa daga shawara ya kusa ɓacewa a can. Tun 1989 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar gwada jarirai a duk inda maza uku zuwa biyar cikin ɗari ko fiye ke da ƙarancin. Najeriya ta ninka wannan adadi sau da dama, amma gwajin bai zama ƙa'ida a ɗakunan haihuwarmu ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi ba su da hujjar ci gaba da jinkiri.

Kafin gwamnati ta motsa, iyaye da ungozomomi su fitar da kafur daga kayan jariri, su wanke duk zanin da ya taɓa shi. A kowace rana ta makon farko a fito da jariri cikin hasken rana a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa da yatsa a ga launin da zai bayyana. Idan rawaya ta fito a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya ƙi nono, a tafi asibiti a ranar, kada a jira suna. Da an isa kuma, a roƙi likita ya auna G6PD.