Alƙalamin Itace: Ire-irensa da Itatuwan da Ake Sassaƙa Shi da Su

1.0 Gabatarwa

Kalmar alƙalami ta shigo Hausa ne daga Larabci, watau al-ƙalam, ita kuma asalinta kalmar Girkanci ce, kalamos, mai ma'anar kara. Wannan ma'ana ta dace da alƙalamin da malamai da almajirai suka saba fiƙewa daga gamba ko karan dawa, su tsoma a kurtun tawada, su yi rubutu a allo. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa akwai wata sana'a ta sassaƙa alƙalamin zamani daga itace, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Wannan maƙala za ta dubi abubuwa biyu da suka wajaba mai saye ya lura da su, watau irin alƙalamin da kuma irin itacen, domin kuskure a ɗayansu kan jawo asarar kuɗi da ɓacin rubutu.

2.0 Yadda Ake Sassaƙa Shi

Masassaƙi yakan yanko guntun itace mai tsawon kamar santimita 13 da kaurin kamar santimita 2. Sai ya huda tsakiyarsa, ya zura bututun tagulla, ya liƙe da gam. Daga nan ya ɗaura shi a injin da ke juya itace, yana kankara da kurfi har itacen ya zama siririn ɓawo a jikin bututun. Sa'an nan ya goge, ya shafa mai ko kakin zuma ko gam mai ƙyalli, ya harhaɗa baki da marfi. Abin lura shi ne, itace yana kumbura da laima, yana tsukewa da bushewa, amma tagulla ba ta yin haka. Nan ne tushen tsagewar alƙalami.

3.0 Ire-iren Alƙalami

Na farko shi ne mai shan tawada, wanda ke da baki na ƙarfe mai tsaga a tsakiya, kamar dai tsagar alƙalamin kara. Lewis Waterman na Amurka ya yi rajistar nasa samfurin a 1884. Ba ya bukatar dannawa, saboda haka hannu ba ya saurin gajiya. Shi ne ya fi dacewa da mai rubutun ajami, musamman in an sami baki mai faɗi wanda aka yanke a karkace, domin da shi ne ake fitar da kauri da sirantar harafi. Sai dai ba a ɗura masa tawadar gargajiya, don ƙaro da gawayin da ke cikinta sukan toshe hanyar tawadar.

Na biyu shi ne biro, wanda ya ci sunan László Bíró, ɗan jaridar ƙasar Hungari da ya yi rajistarsa a 1938. Tawadarsa mai kauri ce, ta mai, ba ta saurin bushewa a ciki, tana kuma kama kowace irin takarda. Malamin da ke duba takardun jarrabawa da ma'aikacin ofis sun fi samun sauƙinsa.

Na uku yana tsakanin biyun. Bakinsa irin na biro ne, mai 'yar ƙwallo, amma tawadarsa ta ruwa ce. Kamfanin Ohto na Japan ne ya fito da shi a 1963. Rubutunsa yana da santsi, sai dai tawadar tana saurin ƙarewa, tana kuma nasowa a bayan takarda mara kauri.

4.0 Zaɓen Itace

Itacen zaitun, wanda ake samu a ƙasashen bakin Bahar Rum har da Baitalami, yana da zane-zane masu ban sha'awa da maiƙo a jikinsa. Baƙin itacen nan na dazuzzukan Kamaru da Gabon, ɗan'uwan kanya, yana da nauyi da sheƙi, amma kyan ɗan maciji gare shi, domin masassaƙa sun san shi da saurin tsagewa. Wanda zai yi amfani da alƙalami a inda hunturu ke busar da kome, ya kamata ya yi hattara da shi. Maɗaci jaja-jaja ne, bai kai shi nauyi ba, ba ya kuma yawan motsi in ya bushe sarai. Kirya, wadda ake turmi da taɓarya da ita, tana da tauri da juriya.

Akwai kuma batun ƙarewar itatuwa. Madobiya ta sha sara a Afirka ta Yamma saboda jigilar ta zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, tun daga 2017. Alƙalami ba ya cin itace da yawa, kuma ragowar katakon kafinta ta isa a yi shi. Don haka ya kyautu mai saye ya tambayi inda itacen ya fito.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, aikin da za a yi shi ke zaɓar irin alƙalami, yanayin wurin zama kuma shi ke zaɓar itace. Kafin a biya kuɗi, a riƙe alƙalamin a ji nauyinsa, a duba inda itace ya haɗu da ƙarfe ko akwai alamar tsaga, a tambaya ko itacen ya bushe kafin a sassaƙa shi, a kuma tabbatar ana samun tawadar canji a kusa. Bayan an saya, kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta hana ɗanyen itace tsagewa.