Azumi Uku A Kan Teku: Zaman Hafsan Ruwa A Yaƙin Basasa

In aka ambaci yaƙin basasa a majalisar dattawan Kurmin Sarki, cikin Suleja, sojan ƙasa ke fara faɗo wa mutane a rai. Ba abin mamaki ba ne, gama ruwan da mutumin garin ya saba da shi bai wuce Kogin Iku ba. Amma a waɗannan watanni 30, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, akwai mayaƙan da suka yi nasu yaƙin a kan teku, cikinsu har da 'yan Arewa.

Bayan da Ojukwu ya yi shelar ɓallewa ran 30 ga Mayu 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta umarci mayaƙan ruwa, ƙarƙashin Joseph Wey, su tsare gaɓar Gabas. Babban jirginsu shi ne NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan. Su ne suka sauke sojan Benjamin Adekunle a Bonny a watan Yuli 1967, da Kalaba a watan Oktoba. Wannan tsaro ya hana makamai shiga ta teku, ya kuma taimaka ga yunwar da ta hallaka farar hula masu ɗimbin yawa.

Ranakun faɗa kaɗan ne. Yawancin zaman hafsa gadi ne da jira. A kan raba aiki sa'a huɗu-huɗu, dare da rana, ya tsaya a ɗakin tuƙi yana duban kowace fitila da ta ɓullo cikin duhu. Ruwa ya kewaye shi ko'ina, amma na sha da na wanka sai an auna. Musulmi kuwa in zai yi salla sai ya dubi kamfas, domin jirgi na juyawa alƙibla ta sake. Azumi uku suka faɗo cikin yaƙin, na 1967 da 1968 da 1969, wanda aiki ya riƙe kuma a jirgi ya yi Sallarsa.

Abin da ya fi harsashi ci masa rai shi ne rashin labarin gida. A lokacin Suleja tana amsa sunan Abuja, cikin Jihar Arewa Maso Yamma, a zamanin Sarki Sulaimanu Barau. Wasiƙar da za ta zo gari irin wannan sai ta jira jirgi ya koma Apapa ɗaukar mai da abinci, sa'an nan ta kamo hanya daga Ikko. Ta yiwu a haifa wa mutum ɗa, a yanka ragon suna, uban bai ji ba.

Iyali ma nasu gadin suke yi. Maiɗaki ita ce uwa ita ce uba, tana lallaɓa abin da aka yanko mata daga albashi, da magariba kuma a kewaye akwatin rediyo a saurari Kaduna. Sai dai labarin yawanci na fagen ƙasa ne. Jirgi ba ya faɗin inda yake.

Ran 15 ga Janairu 1970 yaƙi ya ƙare. Littattafan tarihi sun adana sunayen jirage da na kwamandoji. Wasiƙun kuwa, in akwai saura, suna cikin akwatunan tsofaffi, masu su kuma sai raguwa suke yi. Ya kamata jikoki su tambaya tun da sauran mai ba da amsa.