Kyawun Rubutu Ba Gado Ba Ne

Malaman firamare sun daɗe da lura cewa rubutun 'yan mata ya fi na maza tsabta. Wasu na cewa halitta ce, tunda yatsun yarinya kan riga na yaro ƙwarewa. Da ƙamshin gaskiya, amma horo ya fi tasiri. A Ingila ta ƙarni na 18, salon rubutu daban ake koya wa mata, maza kuma na ciniki. Dubi kuma yadda hannun almajiri ke faɗawa bayan shekaru yana rubuta allo. Ashe lalacewar rubutu a yau sakacin koyarwa ne. Gaskiya jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kwamfuta tun 2015, amma har yanzu da biro ake jarrabawar aji, kuma amsar da malami ya kasa karantawa ba ta samun maki.