Kafin ka ce a faɗaɗa maka hoto

A watan Oktoban 2025 gidan adana kayan tarihi na Brooklyn da ke birnin New York ya buɗe baje kolin ayyukan Seydou Keïta, mai ɗaukar hoton nan na Bamako da ya rasu a 2001. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rataye hotunansa a zaurukan Turai da Amurka, girmansu ne ke fara ɗaukar idonsa: mace a kishingiɗe cikin atamfa, saurayi riƙe da rediyo ko jingine da babur, hoto ya kusa kai tsayin mutum. Daga nan sai a yanke hukunci cewa girman ne ya sa ake biyan dubban daloli. Wannan fahimta ce ke tafe da mu har shagunan hoto na Tudun Wada da Sabon Gari a Gusau. In an yi naɗin sarauta, ko aure, ko ƙarin girma a wurin aiki, magana ɗaya ce ake yi wa mai hoto: a yi mini babba.

Alhali Keïta bai taɓa miƙa wa mutanen Bamako irin waɗannan manyan hotuna ba. Ya buɗe shagonsa a 1948, kuma abin da yake wanke wa masu zuwa wurinsa kati ne mai santimita 13 da 18, daidai girman nagatif ɗinsa, wanda bai fi tafin hannu da yawa ba. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, da ke yi wa attajiri Jean Pigozzi aikin tara kayan fasaha, ya je Bamako neman mai su, mai ɗaukar hoto Malick Sidibé ya gane hannun ya nuna masa hanya. Bayan haka ne aka fara wanke su a santimita 50 da 60, har zuwa 120 da 180. Abin da ya sa suka jure wannan faɗaɗawa shi ne nagatif ɗin babba ne, ya kama zaren atamfa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai shi ya adana shi shekaru masu yawa cikin tsabta.

To, kai da ka shiga shago da hoto a waya, ka fara tambayar me hoton zai iya ɗauka. Masu buga hoto na lissafi da ɗigo 300 a kowane inci ga hoton da za a riƙe a hannu. Wayar da ke da megafikzil 12 tana ba da ɗigo 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi, wato kimanin inci 13 da 10 ke nan. In a bangon falo za a rataye shi, ana kallo daga nesa, rabin wancan lissafi ya isa, sai hoton ya kai inci 26 da 20 bai fashe ba. Amma wanda ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, sau da yawa bai wuce ɗigo 1,600 a tsawo ba, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Shi ne za ka ga fuskar ango a firam kamar an shafa mata kunu.

Sai kuma siffa, wadda ita ce ke haddasa rigima da mai hoto bayan an gama aiki. Babbar kyamara tana ɗauka ne a kan 3 da 2, abin da ya dace da katin inci 4 da 6 ko 8 da 12. Waya kuwa galibi 4 da 3 ce, ta dace da 6 da 8, 12 da 16, ko 18 da 24. Firam ɗin 8 da 10 da ya cika kasuwa bai yi daidai da ko ɗaya ba. In ka dage sai shi, kashi ɗaya cikin shida na hoton kyamara zai tafi, kuma abin da ke tafiya shi ne kan rawani ko mutumin da ya tsaya a ƙarshen sahu. Gara ka ce a bar farin gefe, ko a yanka firam bisa hoton. Kati mai sheƙi yana fito da launi amma yana mayar da hasken taga, marar sheƙi ya fi dacewa da ɗaki mai haske. Ledar bana da 'yan siyasa suka saba mana da ita an yi ta ne don kamfe, rana na cin ta. A sa kwali tsakanin hoto da gilashi don kada laimar damina ta manne su, a liƙe bayan firam saboda ƙurar hunturu. Wanda kuma zai sayi hoton fasaha daga hannun mai ɗauka, a Abuja ko Legas, ya nemi sa hannu da lamba: 3/10 na nufin na uku cikin goma da aka wanke a wannan girma. A kasuwar masu tara hotuna, ƙaramin katin da aka wanke a zamanin da aka ɗauke shi yakan yi darajar da sabon bugu ba ya kaiwa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi damuna, domin irin waɗannan ƙananan katuna muna da su, kuma muna hallaka su da hannunmu.

Gusau gari ne da layin dogo ya buɗe wa duniya. Jirgin da ya taso daga Zariya ya ratsa ta Tsafe da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin gyaɗa da auduga suka biyo shi, baƙi daga Kudu suka zauna a Sabon Gari. A biranen Arewa sana'ar hoto ta bi wannan hanya ne, galibi a hannun Yarbawa da Ibo kafin 'yan gida su karɓa. Ma'aikacin reluwe, ɗan masaƙar Gusau, malamin firamare a Bungudu, maniyyacin da zai yi fasfo, duk sun zauna gaban kyamara. Ina hotunan? Wasu na ƙasan akwatin ƙarfe gara na ci. Wasu an kai su shago an ɗauke su da waya, an zuba musu launi da kwamfuta, an goge tsagen fuskar kaka don ta yi kyau, an buga a babban firam, sannan aka bar asalin a hannun yara. Nagatif kuwa, da aka koma dijital, shaguna da yawa shara suka ɗauke shi.

Ga kuma abin da rashin tsaro ya ƙara. Iyalan da suka baro ƙauyukan Tsafe da Bungudu cikin dare ba albam suka fara ɗauka ba, kuma babu mai ganin laifinsu. Amma a gidajen da aka ƙone akwai hoton da shi kaɗai ne shaidar kamannin wani dattijo, ko siffar wata kasuwa da ta daina ci.

Na san akwai malamai da magidanta da ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki, kuma wannan matsayi ne da ke da hujjojinsa. Sai dai adanawa daban, ratayewa daban. Hoton da ke cikin ambulan a ma'ajiya takardar tarihi ce. Ban da haka, ganuwa da masallaci da Dutsen Kwatarkwashi da kufan tsohuwar 'Yandoto ba masu rai ba ne, kuma su ma suna canzawa.

Wasu sun riga mu gane wannan. Mali ta fara bikin hotuna na Bamako a 1994. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya yi ta tarawa har aka nuna aikin a Venice a 2013. A Yamai, hotunan Philippe Koudjina ne ke nuna yadda matasan birnin suka yi rayuwa bayan samun 'yancin kai. Kaduna na da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, Sakkwato na da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Zamfara ta rabu da Sakkwato tun 1 ga Oktoban 1996. A duk lokacin da aka rantsar da sabuwar gwamnati a jihar, ofisoshi kan sauke manyan firam su rataye sababbi, kuma kuɗin hakan ba ya wahalar samuwa. Kaɗan daga cikinsa zai sayi na'urar kwafe hoto mai kyau da akwatunan ajiya.

Aikin ba ya bukatar jiran Abuja. Fadar Sarkin Katsinan Gusau, da ta 'Yandoton Tsafe, da ta Sarkin Fulanin Bungudu za su iya kiran jama'a su kawo tsofaffin hotuna, ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau su kwafe su a ɗigo 600 a kowane inci ko fiye, ba gyara ba ƙarin launi, a mayar wa kowa nasa a ranar. A zauna da tsofaffi su faɗi wane ne wannan, a ina, a zamanin wane sarki, domin su ne kaɗai suka sani kuma ba ƙaruwa suke ba. A nemi 'ya'yan tsofaffin masu hoto a tambaye su ko akwai sauran nagatif. Mai hoto a gida kuma ya rubuta sunaye da shekara a bayan katin da fensir, domin tawadar biro tana ratsawa ta ɓata fuskar.