Maraya da Ƙofar Jami'a: Abin da Mai Riƙo Ya Kamata Ya Sani

A Dutsin-Ma da Kurfi, kaɗan ne daga cikin marayu ke tashi a gidan marayu. Mafi yawansu suna hannun baffa, ko kawu, ko gwaggo, ko kakar da ƙarfinta ya ƙare. Hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun ƙara yawansu, har gidan da ke riƙon ɗaya ya koma riƙon uku. Ga makarantu a bakin ƙofa: Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sannan a Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Sau da yawa ba rashin ƙwaƙwalwa ke hana maraya shiga ba, takarda ce.

Mu fara da suna, don nan aka fi yin tuntuɓe. Yaro ya taso a gidan kawunsa, aka sa shi firamare da sunan kawun, ya rubuta WAEC ko NECO da shi. Ranar da aka je yi masa lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, sai wani dattijo ya ce a'a, a kira shi da sunan ubansa kamar yadda addini ya koyar. Dattijon yana da gaskiya, amma yanzu yaro yana da suna biyu, ita kuwa kwamfuta ba ta san zumunci ba. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma daga can hukumar ke ɗauko suna da ranar haihuwa. In sun saɓa da na sakamakon sakandare, za a sha zirga-zirga wajen tantancewa, ga kuɗin gyara, ga rantsuwa a kotu. Maganin abin shi ne a zauna tun yaro yana aji huɗu na sakandare a tsayar da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, duk abin da za a rubuta daga baya ya bi ta.

Layin waya ma haka. Da shi ake tura NIN zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar fara rajista, kuma layin da wani ɗalibi ya riga ya yi aiki da shi ba zai yi wa wani ba. A nema wa yaro nasa, a adana shi kamar takardar gona.

Sai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Hanyarta sananniya ce: mai unguwa, magaji, hakimi (Yandaka a Dutsin-Ma, Maradi a Kurfi), sannan sakatariya. Tana da nauyi, domin jami'o'in tarayya kan raba guraben shiga ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko, Katsina kuwa tana cikinsu. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ma sai ta gan ta. Yaron da ya tashi a gidan marayu, ba a san danginsa ba, ba shi da mai unguwar da zai ce na san ubansa. Nan ne ya wajaba a kan jami'an jin daɗin jama'a da suka riƙe shi su tsaya masa da wasiƙarsu, kuma su yi haka kafin ya cika shekara 18, lokacin da doka ta daina kallonsa a matsayin yaro.

Batun kuɗi ya ɗan yi sauƙi. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar lamunin karatu, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba ɗalibin da ya nema naira dubu 20 a wata. Babu kuɗin ruwa, ba a kuma neman mai tsaya wa ɗalibi, abin da ya fi yi wa maraya daɗi ke nan. Amma bashi ne. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, don haka mai son Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta sai ya nemi wata hanya.

Abin da mutane ke mantawa shi ne lamunin ba ya zuwa sai an samu gurbi. Kuɗin fom ɗin JAMB, na jarrabawar tantancewa ta jami'a, na karɓar gurbi, na mota, katifa da bokiti, duk suna gaba da shi. Kowanne ba shi da yawa, amma kowanne yana da ranar rufewa, mai riƙo kuwa damina ta cinye abin hannunsa. A ganina, masu fitar da zakka da ƙungiyoyin unguwa da ke ɗinka wa marayu kayan Sallah su ware wani abu don waɗannan kuɗaɗe.

Wanda makinsa bai kai na jami'a ba kada a ce ya zauna. Ya shiga Isa Kaita ya yi NCE, daga nan yana iya neman shiga jami'a kai tsaye ya fara daga aji biyu, ga shi kuma da takardar koyarwa a hannu. Ga ɗan Kurfi wannan ya fi sauƙi ma, tunda hanya ɗaya ce, yana iya zuwa gida ƙarshen mako.

A kuma tambayi ɗalibin gidan marayu inda zai sauka in an yi hutu ko malamai sun tafi yajin aiki aka rufe ɗakunan kwana. A 2022 sai da jami'o'in tarayya suka yi wata takwas a rufe.