Tarkon Feromon: Fasahar Da Ke Yaudarar Ƙwarin Tumatir Da Ƙamshi

Yau mun ɗan ajiye maganar wayoyi, za mu leƙa gona. Duk wanda ya taso a Tsibiri ko wani gari da ke shan ruwan madatsar Bakolori ya san yadda gonar tumatir ke iya ƙonewa cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa mai laifin shi ne Tuta absoluta, ƙwaron da manoma ke kira sharon. Asalinsa Kudancin Amurka ne, ya shiga Sifen a 2006, kuma a 2016 ɓarnarsa ta kai gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir.

Menene feromon?

Sinadari ne da macen ƙwaro ke fitarwa cikin iska domin namiji ya gano inda take. Wani masani Bajamushe, Adolf Butenandt, shi ya fara tantance irinsa a 1959 daga ƙwaron siliki. Daga nan aka koyi haɗa shi a masana'anta. A 1979 ƙasar Norway ta kafa tarkuna sama da rabin miliyan a dazuzzukanta domin kama ƙwaron da ke cin ɓawon itatuwan katako.

Yadda tarkon yake aiki

Ana zuba sinadarin a wani ɗan roba, a rataya shi saman kwano mai ruwa da ɗan sabulu, ko cikin tarko mai gam. Namiji zai biyo ƙamshin yana zaton mace ce, sai ya faɗa. Kowane ƙwaro da nasa ƙamshin, don haka na tumatir ba zai kama na masara ba. Ana canza robar bayan sati 4 zuwa 6.

Me ya sa feshi kaɗai ba ya isa?

Tsutsar sharon tana shigewa cikin ganye da 'ya'yan tumatir, inda magani ba ya isa sosai. Mace ɗaya na iya yin ƙwai har 260, kuma a lokacin zafi wata guda ya ishe su su girma su sake haihuwa. Kafin ido ya ga ɓarnar, aikin gama ya gama. Tarko biyu zuwa huɗu a hekta za su nuna maka ranar da ƙwarin suka fara yawa, sai ka yi feshi a kan lokaci, ba ka zubar da kuɗi a banza ba.

Ina waya ta shigo?

A matsayina na mai rubuta manhaja, ina kallon tarkon kamar na'urar tattara bayanai. A 2018 hukumar FAO ta fitar da manhajar FAMEWS ta Android, wadda ake shigar da adadin ƙwarin tsutsar masara da tarko ya kama. Ga tumatir kuwa, ko Google Sheets ya wadatar: rubuta rana da adadi duk safiya, ka tura wa maƙwabtan gona a WhatsApp.

Sai dai a kula, maza kawai tarkon ke kamawa, ba zai kawar da ƙwarin shi kaɗai ba. Dole a haɗa da cire ganyen da ya kamu da ƙona ragowar shuka bayan girbi. Idan mahaifinka na noman rani, wannan aiki ne da wayarka za ta iya ɗauke masa.