Goyon damina a ƙasar Gaya



A duk faɗin Nijar, ƙasar Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama. A shekara mukan samu wajen milimita 800. Ga kogin Kwara ya raba mu da Malanbil, ga fadamun Dallol Mauri da na Foga. Muna noman gero da dawa da shinkafa, muna dasa rogo da rake da dankali. Baƙon da ya zo daga arewa yakan ce mun ji daɗi. Gaskiyarsa. Sai dai ruwan da ke raya gona shi ne ke raya sauro, kuma babu wanda ya san wannan kamar mace mai goyo.

Muna zagaya azuzuwan karatun manya a Tanda da Bengu da Tunuga. Da rani aji yakan cika da mata, littafi a cinya, jariri a baya. Da ruwa ya sauka sai su fara raguwa. Mun tambayi wata uwa mai yara uku dalili. Ta yi dariya ta ce: "Malam, ina na ga lokaci? Kafin alfijir na ɗebo ruwa. Na yi daka, na dama fura, na kai gona. Na duƙa a gayaunata har azahar. Da dare kuwa ƙaramin ba ya barina in runtsa."

Ba ta faɗi haka don kuka ba. Lissafi ta yi mana, kuma lissafin daidai ne. Abu uku ne ke faɗo wa uwa a lokaci guda: aikin gona ya yi yawa, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, masassarar cizon sauro kuma ta shigo gari. Yaron da ya fi shan wahala a nan shi ne wanda ya wuce wata 6 bai kai shekara 2 ba. Nono kaɗai ya daina isarsa, tuwon manya kuma ya fi ƙarfinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka goyo duk wahala ne. Mun ga ranar da wata yarinya ta saki zanen uwarta a tsakiyar aji, ta yi taku uku, ta faɗi zaune. Karatu ya tsaya. Mata suka hau tafi suna cewa ta-ta-ta. Uwar kuwa ta sunkuyar da kai tana duba allo, kamar ba ta gani ba, don yarinyar ƴar fari ce, alkunya ta hana ta nuna murna. Amma mun ga bakinta yana motsi. Fitowar haƙorin farko, da ranar da yaro ya fara kiran "Inna", da barcin da yake yi a baya ana tafe ana jijjiga shi, waɗannan su ne ladan da uwa ke karɓa tun a duniya.

Abincin yaro

Nonon farko mai ruwan ɗorawa, wato dakashi, ba ƙazanta ba ne. Shi ne kariyar jariri ta farko, kada a matse shi a zubar. Daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla ya wadatar. Ko ruwa ba a ba shi, ko da a zafin bazara, domin mafi yawan nono ruwa ne. A nan ne ake yawan samun saɓani da kakanni, masu cewa yaro zai mutu da ƙishirwa. Muna girmama su. Amma ruwan rijiya da na kogi, musamman da damina, su ne ke kai wa jariri zawo.

Bayan wata 6 sai a fara kunu, ana ci gaba da ba da nono. Kunun da ke zuba kamar ruwa cika ciki kawai yake yi. A yi shi da kauri, yadda zai zauna a cokali. A zuba garin ƙuli-ƙuli ko na soyayyen wake. Mu da muke bakin kogi muna da abin da wasu ba su da shi: busasshen kifi. A cire ƙaya, a daka shi ya yi laushi, a tankaɗe, a sa cokali guda a kunu ko a miyar yaro. Ga zogale, ga kuka, ga kabewa. Cikin yaro ƙarami ne, don haka a ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, kuma a kwanonsa shi kaɗai. Idan aka haɗa shi da yayyensa a kwano ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun suɗe.

Yaye ma yana son dabara. Al'adarmu ita ce a shafa wa nono maɗaci, a ɗauki yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Sai ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi abinci. Idan wannan ya faɗo a tsakiyar damina, ga yunwa ga sauro, yaro yakan rame nan da nan. Ya fi kyau a shayar har shekara 2, a riƙa ragewa sannu a hankali. In da hali, a bari sai kaka ta yi, sabon hatsi ya shigo gida.

Sauro

A kwana cikin sange, wato gidan sauro, kowane dare, uwa da ɗanta. Sangen da aka rufe lambu da shi, ko aka mai da shi komar kifi, bai kare kowa ba.

Tun shekarar 2013 Nijar ta fara rabon ƙwayoyin rigakafin masassara ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata a lokacin damina. Na ranar farko a gaban masu rabo ake sha. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke. Nan ne ake yawan kuskure: wata ta manta, wata ta ajiye wai sai ranar da yaro ya yi zafin jiki. Maganin da ba a cika kwana uku ba, kariyarsa ba ta cika.

A watan Satumba na 2024 kuma, a nan Gaya aka ƙaddamar da allurar rigakafin masassarar cizon sauro ta ƙasar Nijar. Sau huɗu ake yi wa yaro. Allurar tana rage ciwo mai tsanani, amma ba ta maye gurbin sange ba. Ana rubuta ranar komawa a takardar awo, wadda muke kira karne. Idan za a je biki Kamba ko Malanbil, a tafi da ita cikin kayan yaro.

Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, kada a ce haƙori ne. Idan ya ƙi nono, ko yana amar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ba ya farkawa da kyau, ko tsakar dare ne a tashi. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5. Idan zawo ne, a dama ƙunshin gishirin zawo guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, kada a tsai da nono.

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu maza. Duk abin da muka lissafa a sama, wa muka ɗora wa? Uwa. Alhali sau da yawa ita ta fara ganin ciwon tun da safe, amma ta jira maigida ya dawo daga gona don neman izini da kuɗin kabu-kabu. Kafin ya dawo rana ta faɗi. Me zai hana maigida ya ba da izinin tun kafin damina, ya ajiye ɗan kuɗi a inda ita ma ta sani? Me zai hana ya ɗauko itace a amalanke in zai dawo, ko ya ware kifi biyu daga na sayarwa?

Mun faɗi wannan a ajin maza, wani dattijo ya ce: "Malam, in na goya yaro ai gari zai yi mini dariya." Muka ce ba mu ce ya goya ba, Baba. Ya ɗaura sange da magariba, ya duba ko ya yage. Ya yi shiru, sannan ya tambaye mu ko zaren ɗinkin buhu zai yi.